Ƙofa da Mai Tsaronta: Tarihin Shiga Intanet ta Wayar Hannu

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da mutum ya saba gani kullum a tafin hannunsa, da wuya ya tsaya ya tambayi asalinsa. Ɗalibin da ke neman sakamakon jarrabawa a wayarsa, da ma'aikacin da ake aiko masa da takardar ofis tun bai fito daga gida ba, dukkansu suna cin gajiyar wani aiki ne da aka shafe shekaru ashirin ana faɗi-tashi a kansa, kamfanoni suka yi asarar dukiya mai ɗimbin yawa, wasu kuma suka kuɗance.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda aka shigar da shafukan intanet cikin wayar hannu, tun daga 1996 zuwa 2016, da abin da ya biyo baya. Za a ga cewa matsalar guda ɗaya ce tun farko, wato kaya masu yawa, hanya ƙunƙuntar, mazubi kuma ƙarami. An gwada dabaru huɗu wajen warware ta: rage kayan, da gyara kasuwar, da sa dillali a tsakani, da kuma faɗaɗa mazubin. Kowace dabara ta zo da nata mai tsaron ƙofa, kamar yadda kowace ƙofar ganuwa take da sarkinta a biranen ƙasar Hausa na dauri. Sanin wanda ke riƙe da ƙofar, da abin da yake karɓa kafin a wuce, shi ne ainihin darasin da ke cikin wannan tarihi.

2.0 Haɗuwar hanyoyi biyu

Wayar hannu da yanar gizo ba tare suka taso ba. Ranar 3 ga Afrilu, 1973, wani injiniyan kamfanin Motorola mai suna Martin Cooper ya buga waya ta farko da na'urar da ake riƙewa a hannu, a kan titi a birnin New York na Amurka. Sai bayan shekara goma aka yarda a sayar da irin wannan waya, a kan dala 3,995, wato ba ta talaka ba ce. Ƙasashen Turai kuma suka haɗa kai suka tsara ƙa'ida guda wadda aka sani da GSM, aka yi kiran farko da ita a ƙasar Finlan ranar 1 ga Yuli, 1991. A Disamba 1992 aka aika gajeren saƙon rubutu na farko a Ingila.

A ɗaya ɓangaren, wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Jeneba, ya gabatar da tsarin yanar gizo a 1989, cibiyar kuma ta saki tsarin kyauta ga kowa a Afrilu 1993. Manhajar da ke ɗauko shafi daga wata kwamfuta mai nisa ta baje shi a gaban mai karatu ita ake kira burauza. Mosaic ta fito a 1993, Netscape a 1994. Dukkansu an gina su ne domin kwamfutar kan tebur mai faffadar fuska da allon haruffa cikakke.

To, da aka zo haɗa abubuwan nan biyu sai aka ci karo da cikas uku. Na farko, layin GSM na wancan lokaci ba ya ɗaukar fiye da bit 9,600 a daƙiƙa, wato kimanin haruffa 1,200. Shafi mai nauyin kilobayit 100 sai ya haura minti ɗaya kafin ya gama sauka. Na biyu, fuskar waya ba ta fi faɗin kan sarki na wasiƙa da yawa ba, kuma ba ta da launi. Na uku, maɓallai goma sha biyu ne kawai, sai an danna guda sau uku ko huɗu kafin harafi ɗaya ya fito. Kamfanin Nokia ya fitar da Nokia 9000 Communicator a 1996, mai buɗewa kamar littafi, da burauza a cikinta, amma nauyinta ya kusa giram 400, tsadarta kuma ta taƙaita ta ga manyan 'yan kasuwa.

3.0 Dabara ta farko: WAP da rage kaya

A watan Yuni 1997 kamfanoni huɗu, Nokia da Ericsson da Motorola da wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Unwired Planet, suka kafa majalisa domin tsara ƙa'idar da aka laƙaba wa suna WAP. Tunaninsu shi ne, tun da waya ba ta iya ɗaukar shafin intanet na ainihi, to a ƙirƙiro mata nata shafukan daban. Aka tsara sabon harshen rubuta shafi, WML, inda ake yanka bayani gutsure-gutsure kamar katin karta, kowane kati daidai fuskar waya. Tsakanin waya da intanet kuma aka girka wata kwamfuta a ofishin kamfanin waya, wadda duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta kanta. Ita ce ƙofar.

Nokia 7110, wadda ta fito a 1999, ita ce wayar da aka fi dangantawa da wannan zamani. Fuskarta ɗigo 96 ne a faɗi, 65 a tsaye, kuma ba ta karɓar curin katunan da ya wuce kimanin bayit 1,400. Kamfanonin waya na Turai suka cika gari da talla cewa ga intanet ta shigo aljihu. Da mutane suka saya suka gwada, sai suka tarar da 'yan layukan baƙin rubutu: farashin hannun jari, da sakamakon ƙwallo, da hasashen yanayi. Kafin a haɗu da ƙofar ma sai an jira rabin minti ko fiye, kuma ana lissafin kuɗi ne da minti, kamar kiran waya, ko ana karatu ko ana jira. Wannan ya sa masu barkwanci a Ingila suka sake fassara haruffan nan uku da abin da ke nufin "jira ka biya".

Akwai wata illa da ta fi jinkirin muni. Tun da ƙofar tana hannun kamfanin waya, shi ke zaɓen shafukan da za a jera a gaba, wasu kamfanonin ma suka kulle wayoyinsu yadda ba za su bi ta wata ƙofa ba. A shekarar 2000 sai da kotun ciniki ta Paris ta hana France Télécom sayar da wayoyin da aka yi wa irin wannan kulle. Mai shafi kuwa dole ya rubuta shafinsa sau biyu, ɗaya don kwamfuta, ɗaya don waya, alhali ba shi da hanyar karɓar ko kwabo daga mai karatu. Saboda haka ƙalilan ne suka wahalar da kansu. Duk da haka, a wannan shekara ta 2000 kamfanonin waya suka biya gwamnatin Ingila fam biliyan 22.5, ta Jamus kuma kimanin yuro biliyan 50, domin lasisin ƙarni na uku, wato 3G, bisa tsammanin ribar da intanet ta waya za ta kawo. Bashin da suka ci ya daɗe yana danne su.

4.0 Dabara ta biyu: i-mode da gyaran kasuwa

A daidai lokacin da Turai ke fama, ƙasar Japan ta bi wata hanya. Ranar 22 ga Fabrairu, 1999, kamfanin NTT DoCoMo ya buɗe hidimar i-mode. Mutum uku ne suka ja ragamar aikin: Keiichi Enoki, injiniyan kamfanin, da Mari Matsunaga, wadda aka ɗauko daga aikin editan mujalla, da Takeshi Natsuno, wanda ya fito daga harkar kasuwancin intanet. Abin lura shi ne saurin layin i-mode a farko daidai yake da na WAP, bit 9,600 a daƙiƙa. Ke nan bambancin ba daga ƙarfin na'ura ya taso ba.

Abubuwa uku suka raba su. Na ɗaya, i-mode ba ta lissafi da minti. Ana ɗaure bayani ƙunshi-ƙunshi ne, kowane ƙunshi mai bayit 128 a biya sulusin yen ko ƙasa da haka, bayan yen 300 na wata. Mutum na iya buɗe shafi ya zauna yana karatu ba tare da kuɗinsa na zurarewa ba. Na biyu, harshen shafukanta taƙaitaccen HTML ne, wato harshen da masu shafuka suka riga suka iya, don haka ba a bukaci sabon koyo ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci, DoCoMo ta ɗauki nauyin karɓar kuɗi a madadin masu shafuka: wanda ya yi rajistar jarida ko kiɗan kira ko wasa, za a sa kuɗin a takardar bashin wayarsa ta wata, kamfanin ya cire kashi 9 cikin ɗari la'adarsa, ya miƙa wa mai kaya kashi 91.

Duk wanda ya san kasuwar Kurmi ta dā zai gane wannan tsari. Fatoma yana saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya ɗauki la'ada daidai gwargwado. Idan ya yi adalci fatake su riƙa komowa gidansa kowace shekara. Haka ta faru ga DoCoMo. Bankuna da jaridu da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi tururuwa. Cikin Agusta 2000 masu amfani da i-mode suka kai miliyan 10, zuwa Maris 2001 suka haura miliyan 20, daga baya suka wuce miliyan 40. A cikin wannan aiki ne wani ma'aikaci mai suna Shigetaka Kurita ya zana 'yan hotuna 176, kowanne ɗigo 12 a faɗi da tsaye, domin a nuna rana ko hadari ko zuciya ba tare da ɓata haruffa ba. Suna daga cikin kakannin emoji da ake sawa a saƙo a duk duniya.

Amma abin da ya yi albarka a Tokiyo bai tsiro a waje ba. Daga 2002 aka kai i-mode Jamus da Holan da Faransa, ba ta samu karɓuwa sosai ba, domin a Japan DoCoMo ce ke umartar masu ƙera waya yadda za su ƙera, alhali a Turai Nokia da takwarorinta ba sa karɓar umarni daga kamfanin layi. Har ila yau, i-mode ma birni ne mai ganuwa, sai dai sarkin ƙofarsa mai sauƙin haraji ne. Da wayoyin shafawa suka zo, jama'a suka fice. Kamfanin ya daina karɓar sababbin masu rajista a 2019, ya kuma tsayar da ƙarshen Maris 2026 domin rufe hidimar.

5.0 Dabara ta uku: dillali a tsakani

Dabarar da ta fi taɓa rayuwar mutanen Afirka da Asiya ta fito ne daga ƙasar Norwe. Jon von Tetzchner da Geir Ivarsøy sun fara gina burauzar Opera a 1994 suna ma'aikatan kamfanin waya na Telenor, suka kafa nasu kamfanin a 1995 a birnin Oslo. A Agusta 2005 suka gwada wata ƙaramar manhaja mai suna Opera Mini a Norwe, a Janairu 2006 suka sake ta ga duniya, kyauta.

Ga yadda take aiki. Idan mutum ya rubuta adireshin shafi, wayarsa ba ta zuwa wurin shafin kai tsaye. Tana aika bukatar ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin Opera. Su ne ke ɗauko shafin cikakkensa, su yi duk aikin lissafin da ƙaramar waya ba ta iyawa, su jera rubutun a layi ɗaya daidai faɗin fuskar wayar, su rage nauyin hotuna, sannan su matse sakamakon su aiko. Kamfanin ya ce matsewar tana iya rage nauyin shafi har da kashi 90 cikin ɗari. Tun da manhajar an rubuta ta ne da harshen Java, wanda akasarin wayoyin Nokia da Sony Ericsson da Samsung masu maɓalli suke ɗauke da shi, sai ya zama mai waya mai araha yana iya buɗe shafin da aka yi domin kwamfuta. Ga kuma layin GPRS, wanda ya fara aiki tun 2000, yana lissafi da nauyin kaya kamar na Japan. Wanda kayansa suka ragu kashi tara cikin goma, kuɗin dakonsa ma haka zai ragu.

A ƙasar Sin, kamfanin UCWeb da aka kafa a 2004 a birnin Guangzhou ya bi irin wannan tafarki da UC Browser, ya samu kasuwa babba a Indiya da Indunisiya, har kamfanin Alibaba ya saye shi a 2014.

Sai dai dillali yana ganin duk abin da ke cikin kaya. Kafin kwamfutocin Opera su matse shafi, dole su buɗe shi, ko da kuwa shafin banki ne da aka kulle da sirri. Kullewar tana tsayawa ne a wurinsu, su sake kullewa zuwa waya. Ke nan amanar mai karatu tana hannun wani kamfani a wata ƙasa, ƙarƙashin dokar da bai sani ba. Kuma kamfani abin sayarwa ne: a 2016 wasu masu jari na ƙasar Sin suka sayi sashen burauza na Opera a kan dala miliyan 575. A Yuni 2020 gwamnatin Indiya ta haramta UC Browser tare da wasu manhajoji na Sin, jimilla 59, bisa dalilin tsaro, bayan rikicin kan iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Wannan ya nuna cewa maganar burauza ta tashi daga hannun injiniyoyi ta koma teburin gwamnatoci.

6.0 Dabara ta huɗu: faɗaɗa mazubi

Ranar 9 ga Janairu, 2007, shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya nuna iPhone a birnin San Francisco, aka fara sayar da ita ranar 29 ga Yuni. An kawar da maɓallai, fuskar gilashi mai inci uku da rabi ta mamaye gaban wayar, burauzarta Safari kuma tana baje shafi cikakke kamar na kwamfuta, mutum ya sa yatsu biyu ya buɗa wurin da yake son karantawa. Wayar farko ba ta ma da 3G. Duk da haka ta tabbatar da cewa waya tana iya ɗaukar shafin ainihi, bukatar shafukan WAP ta fara gushewa. A Oktoba 2008 wayar Android ta farko, HTC Dream, ta fito. Kuma da yake Google ta bar wa kowane maƙeri tsarin Android ba tare da kuɗin lasisi ba, cikin 'yan shekaru wayoyin shafawa masu araha suka cika kasuwanni.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 2010 wani mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya bayyana hanyar gina shafi guda mai miƙewa da naɗewa gwargwadon faɗin fuskar da aka buɗe shi a kai. Manhajar Flash, wadda bidiyo da wasannin intanet suka dogara da ita, Apple ta ƙi ba ta wuri a wayoyinta, kamfanin Adobe ya daina gina ta domin waya a 2011. A Afrilu 2015 Google ta fara fifita shafukan da suka dace da waya a sakamakon bincike. Kamfanin ƙididdiga na StatCounter ya sanar da cewa a Oktoba 2016, karo na farko, buɗe shafuka ta waya da allon hannu ya kai kashi 51.3 cikin ɗari a duniya, ya zarce na kwamfutar tebur.

To amma ganuwa ba ta rushe ba, gurbi ta sauya. A Yuli 2008 Apple ta buɗe shagon manhajoji, Google ta buɗe nata a wannan shekara, la'adar da aka fara da ita kuma kashi 30 ce cikin ɗari, fiye da ninki uku na abin da DoCoMo ke karɓa. Ikon da ya kuɓuce wa kamfanonin layi sai ya faɗa hannun kamfanoni biyu na Amurka. Injinan da ke zana shafi a mafi yawan wayoyi suka koma biyu, WebKit na Apple da Blink na Google, har Opera ma ta ajiye nata injin a 2013 ta ɗauki na Google. Sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple barin wasu injina su shiga iPhone a ƙasashen tarayyar.

7.0 Yadda abin ya iso Nijeriya da ƙasar Hausa

Kafin 2001, layukan waya masu aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari. A Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a Agusta na shekarar, ana biyan naira 50 a minti. Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka. An ba da lasisin 3G a 2007, a 2010 kuma manyan wayoyin ƙarƙashin teku biyu, Main One da Glo-1, suka fara aiki daga Legas, suka ƙara faɗin hanyar da ta haɗa ƙasar da waje.

Muhimmin bambanci tsakanin nan da Turai shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Baturen da ya riƙi wayar WAP ya riga ya san intanet a kwamfuta, shi ya sa ya raina abin da ya gani. Ɗalibin Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa, in ka ɗebe ɗan lokacin da yake saye a shagon intanet, ganinsa na farko da yanar gizo a fuskar Nokia ne, ta cikin Opera Mini. Abin da ya zama koma-baya a can, ci gaba ne a nan. Da babu gara ba daɗi. Shafukan sauke kiɗa da hotuna irin su Waptrick suka yi tashe. Manhajar hira ta 2go, wadda wasu ɗalibai suka fara a Afirka ta Kudu a 2007, ta samu mafi yawan jama'arta a Nijeriya, domin ba ta cin data sosai. Masu hali suka riƙi BlackBerry, kirar Kanada, saboda hirar BBM. Matasa kuma suka ƙware wajen sauya saitin burauza domin su zagaye ma'aunin kamfanin waya su yi shiga kyauta, kamfanoni na toshewa suna sake ɓullowa. Daga bisani wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wato Tecno da Itel da Infinix, masu layi biyu da batir mai jure rashin wuta, suka mamaye kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Inda data ta yi tsada kuwa, sai sana'ar masu turi ta tsaya a madadin intanet: a ba da 'yan nairori, a zuba wa mutum fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a katin ajiya.

Akwai wani haraji da harshen Hausa ya biya wanda ba a cika ambata ba. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan da aka tsara wa saƙon GSM a Turai. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi ɗaya daga wajen jerin, sai ya koma 70, wato kuɗin aikawa ya ninka. A tsofaffin wayoyi da yawa ma ɗan akwati ne ke fitowa a gurbin harafin. Saboda haka tsara guda ta saba rubuta "kasa" ko ana nufin ƙasa ko kasa, "bata" ko ana nufin ɓata ko ba ta. Wayoyin shafawa sun kawo allon haruffa na Hausa, Google kuma ta sa Hausa cikin hidimarta ta fassara a Disamba 2013, amma ɗabi'ar da tsada ta haifar ba ta tafi da zuwan araha ba. A ɗaya hannun, waya ta yi wa harshen hidima babba. Sassan Hausa na gidajen rediyon waje, waɗanda aka saba kamawa a gajeren zango, sun koma ana karanta su a waya. Marubutan littattafan soyayya na Kano, akasarinsu mata, sun kwashe kasuwarsu zuwa zaurukan WhatsApp da Facebook. Saƙon murya kuma, wanda WhatsApp ta fara a 2013, ya shigar da wanda bai yi karatun boko ba cikin zancen.

8.0 Kyauta da ganuwa

Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2010 Facebook ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waya domin a riƙa buɗe shafinta na rubutu zalla ba tare da biyan data ba. A 2013 ta faɗaɗa abin da sunan Internet.org, wanda daga baya ya koma Free Basics: 'yan shafukan da aka zaɓa kyauta ne, sauran intanet sai an biya. Hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan bambancin farashi a Fabrairu 2016, bisa hujjar cewa bai kamata kamfani guda ya zaɓa wa talaka abin da zai gani ba. A watan Mayu na shekarar aka ƙaddamar da shirin a Nijeriya tare da Airtel. Duk wanda ya bi tarihin da aka zayyana a sama zai gane cewa tsohuwar ƙofar WAP ce ta dawo da sabuwar riga.

Gwamnati ma mai tsaron ƙofa ce. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an dakatar da Twitter a Nijeriya. A Satumba 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu sassan jihohin maƙwabta suka biyo baya. A makonnin nan aka ga yadda ciniki da aika kuɗi da neman magani da karatu suka rataya a kan hanya guda.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da darussa uku. Na farko, tsarin farashi ya fi ƙarfin na'ura tasiri: WAP da i-mode saurinsu ɗaya, amma lissafin minti ya kashe ɗaya, lissafin ƙunshi da la'ada mai sauƙi suka raya ɗaya. Na biyu, duk sauƙin da aka samu, akwai wanda ya tsaya a tsakani, ko kamfanin layi, ko dillalin matse shafi, ko mai shagon manhaja, ko hukuma. Kuma hakkin mai shiga ne ya san wanda ke ganin kayansa. Na uku, harshen da ba a zauna da masu shi ba lokacin tsara ƙa'ida, shi ke biyan ninki daga baya.

Waɗannan darussa suna da aiki a gaban masu sauraro. Ma'aikacin da aka ɗora wa tsara shafin ma'aikata ko na jami'a, ya kamata ya auna shi da ƙaramar waya da layi mai rauni na ƙauye, ya rage masa nauyi, ya kuma tabbatar an rubuta shi da harshen da jama'a ke ji, da haruffansa cikakku. Wanda ke sa hannu a yarjejeniya da kamfanin waje ya tambayi inda za a ajiye bayanan jama'a, da dokar da za ta hau kansu. Ɗalibai kuwa, musamman na harshe da na kimiyyar kwamfuta, su sani cewa majalisun da ke tsara ƙa'idojin haruffa da na shafuka suna nan suna zama, suna kuma karɓar shawara daga wanda ya kawo hujja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen da suka haɗu a 1997 suka tsara WAP ba su yi tunanin mai karatu a Katsina ko Maraɗi ba, domin babu wanda ya wakilce shi a wurin. Zama na gaba bai kamata ya wuce haka ba.